Libarbar Mai Lofe

Ranar da za a kawo gadon asibiti gidan Mista Alexander a Takoma Park, a jihar Maryland ta Amurka, Awawu ce ta zage ta shiga fitar da tarkacen ɗakin ƙasa don a sami wurin kafa shi. Shekara huɗu ke nan da ejensi, wato kamfanin da ke tura masu jinya gidaje, suka kawo ta tana kula da tsohon, daga wanka har ba shi magani, kuma a zatonta babu lungun gidan nan da ba ta sani ba. Sai ga shi a bayan kabad ta jawo wani tsohon adudu, ta buɗe, ta tarar da ƙunshin saƙi. Ta warware ƙunshin, wani baƙin ƙarfe mai nauyi ya faɗo mata a cinya.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Awawu mutuniyar Kumasi ce, haifaffiyar zango, ta ba hamsin baya, kuma duk wanda ya san ta ya san ba ta da tsoron mutum. Amma bindiga daban ce. Ta miƙe zumbur, ta riƙe saƙin da 'yan yatsu biyu kamar mai ɗauke da mushen ɓera, ta nufi falo tana sababi tun kafin ta isa.

"Baba! Ei, Baba! Shekara huɗu ina shara a kan wannan abu ba ka faɗa mini ba? So kake ejensi su kore ni? Ka san dokarsu, gidan da ke da bindiga sai an rubuta!"

Tsohon yana zaune a kujerarsa ta bakin taga, robar iska a hanci. Bature ne dogo, ciwon huhu ya tsotse shi har ya zama sai ƙashi da idanu. A ƙuruciyarsa ya yi shekara uku yana koyarwa a wata makarantar sakandare a ƙasar Katsina, inda ɗalibai suka sa masa Malam Dogo, kuma Hausar da ya kwaso a can ba ta taɓa barin bakinsa ba. Saboda ita ma ya nace wa ejensi sai sun nemo masa mai jin Hausa. Ya dubi abin da ke hannunta. Bai yi mamaki ba, sai dai fuskarsa ta faɗa.

"Ajiye ta a hankali, Awawu. Babu harsashi. Zauna."

"Ba na zama."

"To tsaya. Ba tawa ba ce. Saƙo ne aka ba ni, ban kai ba."

Nan fa ta zauna.

Labarin ya fito guntu-guntu, yana yi yana tsayawa neman numfashi. A makarantar nan akwai wani maigadi, Kofur Almu, tsohon sojan Boma. Da yamma Malam Dogo kan kai masa ganyen shayi, su zauna a ƙofar makaranta yana gyara masa Hausa. A 1967, da ƙasa ta rikice aka ce baƙi su tattara su tafi, Kofur Almu ya zo masa da adudun nan. Ya ce libarbar kyaftin ɗinsa ce, wanda ya yi wa hidima a yaƙi, shi ke ɗaukar masa kaya, shi ke dafa masa shayi. Kyaftin ya mutu a hannunsa a daji, ya kuma bar masa wasiyya ya kai bindigar ga matarsa tare da wasu kalmomi. Shekara ashirin da uku Almu yana ɓoye da ita a rufin ɗaki, yana jiran Baturen da zai yarda da shi.

"Na ce masa, Kofur, mene ne sunan kyaftin ɗin? Ya ce Mai Lofe."

"Mai Lofe kuma? Suna ke nan?"

"Haka suke kiransa, don kullum da lofe a bakinsa. Kin san sojojinmu, kowane Bature sai sun yi masa laƙabi, sunan yanka kuwa ko oho. Ya ce in na isa Turai in tambayi gidan Mai Lofe, babban mutum ne, kowa ya san shi."

Awawu ta dafe kai. Wayyo Kofur Almu! Shi a ganinsa Turai gari ɗaya ne mai ƙofa huɗu, ka shiga ka tambayi mai unguwa a haɗa ka da wanda zai raka ka. Ita ma ai kakarta haka ta ɗauka, duk mai tafiya Makka sai ta ba shi saƙon gaisuwa ga wani ƙanenta da ya tafi a ƙafa tun ana yaƙin Hitila.

"Kai kuma ba ka gaya masa Amurka daban, Ingila daban ba?"

"Ina da shekara ashirin da shida, Awawu. Dattijo ya durƙusa a gabana da hannu biyu. Kin taɓa ganin wanda ya ce wa dattijo ba zai kai saƙo ba? Na ce to."

Wannan "to" ita ce ta bi shi shekara arba'in da biyar. Da farko ya rubuta wasiƙu biyu zuwa Landan, aka amsa masa cikin ladabi cewa babu hafsa mai irin wannan suna. Daga nan aure, aiki, haihuwa, gobe, jibi. Sai kuma birnin Washington, inda yake zaune a lokacin, ya hana ajiye ƙananan bindigogi, shi kuwa bai taɓa rubuta tasa ba, tsoro ya sa ya ƙara tura adudun ciki. Da ya dawo Maryland tsoro ya wuce, kunya ta maye gurbinsa. Ko marigayiya matarsa ba ta san da zancen ba.

"Likita ya ce wata biyu, ko uku," in ji shi. "Ba mutuwar nake tsoro ba. Kofur Almu nake tsoro. Me zan ce masa?"

Awawu ta so ta yi masa faɗa, wallahi ta so, don a wurinsu wanda ya danne saƙon mamaci ko gaisuwarsa ba a son amsawa. Amma ta dubi yadda ciwo ya mayar da shi, tausayi ya kama ta. Ta naɗe bindigar, ta mayar cikin adudu, ta ce, "Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Tunda ka faɗa, sai a nemi gidan."

Ta kira ejensi ta shaida musu, don ba ta wasa da abincinta, suka ce a kulle bindigar a akwati. Sannan ta kira ƙawarta Chundung, wadda ke da shagon kayan miya a Wheaton, ta ce a turo mata maigidan.

Kambai, mijin Chundung, mutumin Kudancin Kaduna ne. Shekara ashirin da biyu ya yi a sojan Nijeriya yana gyaran bindigogi a ma'ajiyar makamai, yanzu kuma yana gadin wani ginin hukuma a Largo. Matarsa kan ce da za a bar shi, a kasuwar tsofaffin bindigogi ta Virginia zai tare, ba ya sayen komai, sai kallo da gardama. Ya iso ranar Asabar da azahar, da 'yar jaka da gilashin ƙara girma. Ya rusuna ya gai da tsohon.

"Sannu, Baba. Yaya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, Saja. Yaya iyali?"

Kambai ya juya ya dubi Awawu, baki buɗe. "Hajiya, ashe a gidan nan akwai mai jin Hausa! Ke da kike ce wa mace 'ya zo', ai sai ki zauna ki ɗauki darasi."

"Ka ji shi! Hausar bariki ce za ta yi wa ta zango gori? Yi abin da ya kawo ka."

Da aka buɗe akwatin, wasa ya ƙare. Kambai ya shimfiɗa tawul a tebur. Ya danna wani ɗan ƙarfe, libarbar ta karye biyu, ya leƙa ramukan harsashi shida ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga ta ga hasken taga ya leƙa bakin. Sai da ya tabbatar babu komai sannan ya zauna, ya bi ta da gilashi tun daga hanci har mariƙi, yana gunaguni shi kaɗai.

"Webley ce, ƙirar Birmingham. Wannan kowa zai gaya muku. Ga lambarta nan a ƙasa, Hajiya rubuta." Ya karanta, ta rubuta a bayan takardar magani. "To amma akwai magana. Bindigar gwamnatin Ingila tana da tsaga, kamar yadda ake gane Bagobiri a fuska. Ɗan kan kibiya ne ake buga mata, a nan, ko a nan. Wannan fuskarta wasai. Ba gwamnati ta raba ta ba, mutum ne ya shiga kanti ya saya da kansa."

"Sai me?" in ji Awawu.

"Sai cewa a yaƙin Boma hafsoshi sun daina sayen bindiga, ba su ake yi. Kuma dubi girman bakinta. Wannan ta girmi yaƙin Boma da shekara kusan talatin, Baba. Ta yaƙin duniya na farko ce."

Tsohon ya rufe ido. Awawu ta ga ƙirjinsa yana hawa da sauka da sauri, ta tashi ta ƙara masa iska, tana harar Kambai kamar shi ya ƙera bindigar.

"Ke nan ba ta kyaftin ba ce," in ji Mista Alexander. "Ko Kofur ya ruɗe, ko..."

"A'a, Baba, kada ka ɗauki alhakin soja. Ban gama ba." Kambai ya ɗaga guntuwar igiyar da ke ɗaure a zoben gindin mariƙin, ta yi baƙi ƙirin don tsufa. Ya murza ta a yatsa. "Wannan igiyar laimar jirgi ce. A Boma ta sama ake jefa wa mutanenmu abinci, su kuma su yanke igiyoyin su yi amfani da su. A yaƙin farko wa ya ga laimar abinci? Ga kuma tsatsar nan da ta ci gefe ɗaya, ta ƙasar ruwa ce, ba ta Katsina ba. Wannan ƙusar ma ba tata ba ce, wani ɗan'uwana mai gyara ya goge ta da hannu ya sa. Bindigar nan yaƙi biyu ta yi. In ka tambaye ni, uba ne ya saya, ɗa ya gada."

Daga nan ya karkata ta ya nuna musu wani siririn rubutu a doron bakin, wanda Mista Alexander ya sha gani bai taɓa ɗaukarsa komai ba. Sunan wani kanti ne a Landan, inda hafsoshi ke sayen kayan sarki da takalma da makamai. Kambai ya ce irin waɗannan kantuna ba sa sayar da bindiga sai sun rubuta lambarta da sunan mai saye. In littafin yana nan, sunan yana nan.

"Shekara arba'in da biyar," in ji tsohon a hankali, "ina tambayar ofisoshi sunan mutum, ashe ƙarfen zan tambaya."

"Rashin sani ya fi dare duhu, Baba. Amma in gaya maka tun yanzu, ko mun sami gidan, ƙarfen nan ba zai ƙetare ba. Dokar Ingila ta yau ba ta barin irin wannan a hannun mutane. Sai dai maganar."

"Maganar ma ita ce mai nauyin."

Kambai ya ɗauki hotuna, ya sa a wani dandalin intanet na masu tara tsofaffin bindigogi. Kwana uku wani dattijo ya amsa, ya ce kantin ya daɗe da rufewa, amma littattafansa suna ɗakin ajiyar wata jami'a a Scotland. Suka aika imel. Aka ce an karɓa, za a duba, a yi haƙuri, layi da tsawo.

Haƙuri! Su da ke da lokaci. Mako ɗaya, biyu, uku, shiru kake ji. A mako na uku tsohon ya daina iya tashi daga gadon asibitin. A na huɗu ya daina cin tuwon da Awawu ke tuƙa masa mai ruwa-ruwa, sai kunu cokali biyu. Kullum da safe tana shigowa, kafin ta cire takalmi, zai juyo da ido ya ce, "An amsa?" Ita kuma ta ce, "Tukuna, Baba." Har ta tsani kalmar. Ɗansa da ke California yana kira kullum yana tambayar magani da nas, bai san abin da ke cin uban ba, don tsohon ya hana a faɗa masa.

Ranar da nas ɗin hospis, masu kula da majinyatan da aka fid da rai da su, ta ja Awawu kicin ta ce mata a fara shiri, Awawu ba ta yi wata-wata ba. Ta nemo lambar jami'ar, ta kira da katinta na waya wanda take kiran Kumasi da shi. Wata mata ta ɗauka da murya mai sanyi, ta fara bayanin layi. Awawu ta katse ta. Ta gaya mata, da Turancinta na Ghana mai kaifi, cewa akwai mutum a nan yana mutuwa da saƙon mamaci a wuyansa, littafi ɗaya ne, lamba ɗaya ce, in ta tashi daga kujera ta buɗe ba abin da zai ragu a jikinta. Matar ta ce a maimaita mata lambar.

Washegari amsa ta zo. An sayar da libarbar a watan Maris na 1915 ga wani Laftanar R. Ferrier.

Sauran aikin Kambai ya yi shi a hutun cin abincinsa. A jerin sunayen waɗanda suka ɓace a Boma ya sami Kyaftin Duncan Ferrier, na rundunar Nijeriya, 1944, ba a san kabarinsa ba, ɗan Manjo R. Ferrier, mijin Margaret. A shafin wata ƙungiyar iyalan tsofaffin sojoji kuma ya ci karo da wata sanarwa mai shekara tara, wadda ba wanda ya taɓa amsawa. Wata mata mai suna Olive ce ke cigiyar duk wanda ya san mahaifinta, wanda ya ɓace wata biyu kafin a haife ta. Kambai ya rubuta mata. Ta ce a kira ta ranar Asabar.

Ranar Asabar da hantsi Awawu ta yi wa tsohon wanka, ta aske masa gemu, ta sa masa farar riga, don ya ce ba zai kai saƙo da kayan barci ba. Ta jingina shi da filo uku. Kambai ya zo da kwat ɗinsa ta coci, ya tsaya a gindin gado, hannu a baya. Aka buɗe muryar wayar aka ajiye a kan bargo.

Muryar tsohuwa ce, a natse, ba ɗumi ba sanyi. Bayan gaisuwa Mista Alexander ya tambaye ta da Turanci ko mahaifinta yana shan lofe.

"Hoto ɗaya gare ni nasa," in ji Olive. "Yana tsaye da wasu sojoji baƙaƙe, lofe a bakinsa. Don me ka tambaya?"

Kambai ya sunkuyar da kai. 

Tsohon ya fara bayani da Turanci, ya yi jimla biyu, numfashi ya ƙwace masa. Ya sake gwadawa, ya kasa. Sai ya kamo hannun Awawu ya ce, "Da Hausa aka ba ni. Da Hausa na riƙe. Ban taɓa juya shi ba. Ki juya mata."

Awawu ta matso da bakinta kusa da wayar, ta gaya wa matar ko ita wace ce, da abin da za ta yi. Tsohon ya rufe ido, muryarsa ta sauya, ta koma ta wani mutum daban, mai Hausar ƙauyen Katsina.

"Ka ce da uwargida, Kofur Almu yana gaisuwa, yana yi mata ta'aziyya. Ka ce da ita an harbi Kyaftin a ciki ranar da aka tarwatsa mu a bakin kogi. Ni na goya shi. Kwana biyu muna tafiya a daji, mu biyu, ina ba shi ruwa da ganye. Japan ba su kama shi ba, ko ganinsa ba su yi ba."

Awawu ta juya. A can ɓangaren aka ji wani ɗan sauti, kamar an toshe baki da hannu.

"Ka ce da ita a rana ta uku da safe ya ce in sauke shi. Kansa yana kan cinyata ya cika. Bai yi kuka ba, bai yi raki ba. Ya ce in kai mata bindigar ubansa, in ce mata kada ta jira shi, ta yi aure, yarinya ce. Ya ce abin da ke cikinta, in mace ce, ya yarda da sunan da take so, ya janye gardamarsa. Na haƙa masa da adda, na rufe shi, na jera duwatsu don namun daji. Ban san addu'arsu ba, na yi masa tamu. Ka ce ta yafe mini, na faɗa wa wani hafsa da na koma, bai rubuta ba. Shi ke nan saƙon."

Awawu ta kai ƙarshe da ƙyar, hawaye na zuba a kan mayafinta. Ta juya kowace kalma, ba ta rage ba, ba ta ƙara gishiri ba. 

Da Olive ta yi magana, muryarta ta dushe. Ta ce sunan da uwarta ta so shi ne Olive. Ta sa aka maimaita mata sunan Kofur Almu harafi-harafi ta rubuta. Ta ce bindigar ba ta so, Kambai ya nemi gidan tarihin da zai karɓa, a rubuta sunan mutum biyun a jikin takardarta. Sannan ta yi tambayar da Awawu ke ta addu'ar kada ta yi.

"Yaushe aka ba ka wannan saƙon?"

Awawu ta dubi tsohon. Da ita ce, wallahi da ta lauya zancen, ta ce an daɗe, ta wuce. Ta girgiza masa kai kaɗan. Bai ko dube ta ba. Ya tattara abin da ya rage masa na numfashi, ya amsa da Turanci da bakinsa.

"A 1967."

Kambai ya leƙa wayar ya ga ko ta yanke.

"Mahaifiyata ta rasu a 1994," in ji Olive. "Ba ta yi aure ba. Takardar da aka aiko mata cewa ta yi ya ɓace. Duk jirgin ruwan da ya dawo da fursunonin yaƙi sai ta je tasha da hotonsa, ni a hannu. Duk littafin da aka rubuta kan sansanonin Japan ta karanta, abin da aka yi wa mutane a can, yunwa da duka. Ta gaskata can ya ƙare. Shekara hamsin ba ta iya cin shinkafa, abincin fursunonin can."

Tsohon bai kare kansa ba. Bai kawo zancen wasiƙun Landan ba, bai kawo na doka ba. Ya ce, "Na yi laifi. Ina roƙon gafara."

"Ni na gode maka," in ji ta. "Da gaske nake. Yau na san inda mahaifina yake, na san wani ya riƙe kansa. Nawa ɓangaren na yafe, ba na riƙe da kai. Amma shekara ashirin da bakwai ɗin nan ba nawa ba ne. Nata ne. Ba ni da ikon yafe su."

Ta yi musu sallama cikin mutunci, ta ce za ta rubuto. Wayar ta ɗauke.

Kambai ya share ido da bayan hannu, ya fita baranda. Awawu ta zauna a bakin gadon. Ba ta ga laifin matar ba ko kaɗan, don abin da ta faɗa shi ne abin da malaman zango ke faɗa, hakkin mutum mai shi kaɗai ke yafe shi. Amma zuciyarta ta karye don wannan bawan Allah da ya yi kwalliya da farar riga.

Ya daɗe yana kallon silin, hawaye na gangarawa cikin kunnensa. Can ya juyo.

"Awawu, saƙon ya isa?"

"Ya isa, Baba. Da kunnena na ji."

"Ita uwar fa? Wa zai roƙar mini ita?"

Awawu ta san kalmomi masu daɗi da yawa da ake faɗa wa majinyaci, ta faɗa wa tsofaffi da dama a aikin nan, amma wannan mutumin bai yi wa matar ƙarya ba, ita ma ba za ta yi masa ba.

"Babu kowa, Baba," in ji ta. "Sai kai, in kun haɗu."

Ya gyaɗa kai a hankali. "To kada ki cire mini rigar."

Ta gyara masa wuyan rigar, ta sa masa maɓallin sama da ya ɓalle, ta ci gaba da riƙe hannunsa.